Ajandar jikka uku da ɗinkina na bana

A watan Janairu na shiga Babbar Kasuwar Yamai neman zare da zif, sai na fito da ajanda mai baƙin bango, irin ta ma'aikatan biro, jikka uku. Da can a bayan tsohon kayen lakkol na yara nake rubuta awon mutane, har na taɓa yanka wa wata mata riga da awon maƙwabciyarta. Amma ba don masu kawo ɗinki kaɗai na saye ta ba. Akwai ayyukan kaina da suka shekara biyu cikin buhu: zanen gado na surfani don kayan ɗakin ƙanwata, saƙar kwarashi ta kayan sanyin jarirai, koyon aikin wuyan rigar maza, da wasu ƙanana. Na jera guda 12 a shafin farko, kowane wata aiki ɗaya. Ga mu a Disambar 2025, bakwai na gama.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne faɗin shafi. Kowace rana da nata, sai in yanko ɗan ƙyallen atamfa ko shadda in liƙa a kusurwa, ƙasa in rubuta mai shi, yadi nawa ta kawo, nawa ta ba da kafin alƙalami, da ranar karɓa. Gardamar "turmi guda na kawo miki" ta ƙare a gidana na unguwar Boukoki. Shafukan adireshi na baya kuwa, masu A, B, C, su na mayar ma'ajiyar awo. Kuma ko kuran ya ɗauke ko salula ta mutu, littafi na nan.

To, ga inda ta gaza. Wanda ya tsara ta da mai zaman biro ya yi: Asabar da Lahadi shafi ɗaya aka raba musu, alhali su ne ranakun biki da karɓar anko a Yamai. Takardar ma sirara ce, bik na hudowa ta baya. Kafin Agusta ƙyallaye sun kumbura ta har gindin ya tsage, sai da na ɗaure ta da roba.

Babban aibinta, babu watannin Musulunci a ciki, kuma ni ma ban lura ba sai da na sha wuya. Na sa zanen gadon nan a Maris, ga azumi ya kama farkon Maris ɗin, ƙaramar Sallah a ƙarshensa. Ban numfasa ba sai ga ankon 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, cikin tsananin zafi, ana dawowa da keken ƙafa duk lokacin da wuta ta tafi. Daga nan layya a farkon Yuni. Da na buɗe shafin da ke nuna shekara gaba ɗaya, daga Maris zuwa Yuni ko allura ban soka a aikin kaina ba. Inna ta leƙa ta ce, "Ke dai ƴar nan, tela yana da Maris ne? Sallah gare shi." Bakwai ɗin da na gama, cikin damina ne da bayan kayan komawa lakkol na Oktoba suka lafa.

Zan sake saye? Eh, amma mai zoben waya wadda ƙyalle ba zai fasa ba. Kafin in rubuta buri ko ɗaya, da jan bik zan fara zagaye azumi da Sallolin biyu, tunda kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Baɗi wajen tsakiyar Fabrairu za a ɗauki azumi. Ayyuka takwas zan sa, ba 12 ba. Zanen gadon na farko, don an sa ranar ƙanwata bayan ƙaramar Sallah, kuma fulawa biyu suka rage a gefen hagu.