Bakaniken da ya gyara min totur ɗin a-kori-kura a Gumel

Duk mai tsohuwar a-kori-kura mai kafireta da totur ke ba shi wahala, ko ya ƙi komawa idan an ɗaga ƙafa, ko ya ƙi buɗewa har ƙarshe, akwai wani dattijon bakanike a Gumel, wajen hanyar Maigatari, da zan iya tura shi wurinsa ban ji kunya ba. Sai dai ya tafi da guzurin haƙuri, don Baba ba ya sauri, kuma ba ya son a tsaya masa a ka.

Motata Peugeot 504 ce, cikin waɗanda aka haɗa a masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Aikinta kwasar riɗi da zoɓo da gero daga ƙauyukanmu na Gagarawa, Alhamis a Maigatari, Lahadi a Gujungu. Kafiretarta ta asali, Solex, ta gaji tana zuƙar iska ta gefe, shi ne aka sayo min wata sabuwa fil a kwali daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, irin kwaikwayon nan da suka cika kasuwa. Ta zauna daram a kan notinanta, mota ta tashi bugu ɗaya, kowa ya ce madalla.

Da aka yi lodi ne ta nuna halinta. A cikin yashi sai in take totur har ƙasa, mota ta yi ta nishi ba ƙarfi. Wani lokacin kuma, musamman in zan tashi da kaya a giya ta ɗaya, sai in ɗaga ƙafa inji ya ci gaba da ruri shi kaɗai. Wanda bai taɓa shiga ƙauye da buhuna a baya, yara na gudu a gefen hanya, inji ya ƙi sauka ba, ba zai gane irin faɗuwar gaban ba. Tun da na zo nan bari in faɗa: in ya same ka, taka kuloci, fitar da giya, taka birki, sannan ka kashe inji. Makullin mataki ɗaya za ka murɗa, kada ka kai shi inda sitiyari zai kulle.

Mutum biyu sun taɓa motar kafin Baba. Na farko ya ƙara wani sifirin mai taurin tsiya, har ƙafata ta riƙa ciwo kafin in kai kasuwa. Na biyu ya ɗaure wayar totur tamau, wai don ta buɗe sosai, silo, wato jujjuyawar inji in ba a taka totur ba, ya hau, sai ya koma ya sassauta sukurun silo, mota ta fara mutuwa a kowace kwana. An bar jaki ana dukan taiki.

Baba bai ma tayar da injin ba da farko. Ya sa yaronsa ya shiga ya take totur har ƙasa ya riƙe, shi kuma ya cire murfin da ke kan kafireta, ya haska fitilar waya cikin maƙogwaronta. "Malam, leƙo nan." Faifan da ke buɗe wa iska hanya ya kamata ya tsaya a tsaye cak in an take har ƙasa. Nawa a karkace yake, da sauran tafiya. Sai ya ɗauko guntun alli a aljihu, ya goga a bakin ƙaramin hannun da waya ke ja, ya ce a sake takawa a saki. Ga farin tabo nan raɗau a jikin ƙarfen da ke riƙe tukunyar iska, wadda ke tace iskar da ke shiga kafireta. Hannun sabuwar kafiretar ya fi na tsohuwar tsawo, kuma ba a kusurwa ɗaya aka dasa su ba, shi ya sa yake cin karo da ƙarfen kafin ya gama tafiyarsa. Injin 504 a kishingiɗe yake, ba a tsaye ba, don haka wurin a matse yake tun asali, abu kaɗan ya isa ya haɗa su. Da na duba da kyau har ƙarfen ya fara yin kwarmi inda hannun ke goga, kuma a cikin kwarmin nan yake maƙalewa wani sa'in.

Ni a nan na ɗauka an gama. Shi kuwa ya ce wannan ya bayyana rashin ƙarfi, amma bai gamsu cewa shi kaɗai ke sa inji ruri lokacin tashi da kaya ba. Aka ja birkin hannu, aka tare tayoyi da duwatsu, bonet a buɗe, kowa ya koma gefe. Ya shiga da kansa, ya sa giya ta ɗaya, ya riƙa sakin kuloci a hankali. Da idona na ga injin ya ɗaga ta gefe ɗaya. Robar da yake zaune a kai ta tsage, baƙin mai ya cinye ta. Duk sanda injin ya murɗa haka sai ya ja wayar totur, wadda dama an ɗaure ta ba sassauci ko kaɗan, ya ƙara wa kansa wuta, ƙarin wutar kuma ya ƙara ɗaga shi. Wannan ba sabuwar cuta ba ce a duniyar motoci. A 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motocin Chevrolet sama da miliyan 6 a kan irin wannan matsala ta mazaunin inji.

Gyaran ma ya burge ni, don bai nufi injin wasa ƙarfe ba. Na ce masa, "Baba, ba a ɗan rage hannun ba?" Ya ce hannun da aka wasa ko aka gasa aka lanƙwasa, ranar da zai karye ba ya sallama. Ya tambaya ko tsohuwar kafiretar tana nan. Allah ya sa tana cikin buhu a bayan kujera. Ya ciro hannunta ya ɗora a kan sabuwar, ya ɗan janye ƙarfen tukunyar da washa, har ɗan yatsa na iya shiga tsakaninsu ko a ina hannun ya tsaya. Robobin inji ya canza duka biyu. Wayar ma ta tafi, don rigarta ta fashe a inda take lanƙwasa, ƙurar hunturu ta haɗu da giris ɗin da aka cusa mata ta zama laka. Sabuwar wayar, ɗigon mai kawai ya sa mata, ya bi da ita hanya mai faɗin kwana, nesa da zafin salansa. Ya bar mata wasa kamar milimita 2 zuwa 3, ya kuma saita ta yadda takalmin totur zai taɓa ƙasa daidai lokacin da faifai ya miƙe, ba wayar ce za ta ɗauki nauyin ƙafa ba. Sifirin mai taurin nan ya jefar, ya sa masu laushi guda biyu, in ɗaya ya tsinke ɗayan ya dawo da hannun. Silo kuwa sai da inji ya yi zafi ya saita shi, da tukunya a ɗaure, komai a wurinsa.

Akwai abin da bai yi min daɗi ba. Baba ba ya faɗin kuɗi tun farko, sai "bari mu gani", kuma ba ya ɗaga waya. Ba ya ajiye kayan gyara, sai an aika Kano, kuma wayar da aka fara kawowa ta yi gajarta, mota ta ƙara kwana har Gujungu ta wuce ni. Yaransa ma sun bar min tabon giris a kujera da sitiyari. Kuɗin aikinsa dai bai kai na rabin tanki ba, a farashin man da muke sha tun cire tallafi a 2023, kayan ne suka ci kuɗi.

Yanzu mota na hawa yashi da lodi, inji na sauka da zarar na ɗaga ƙafa. Wanda zai je, ya tafi da tsohuwar kafiretarsa in yana da ita, kuma ya guji jajiberin kasuwar Maigatari, ranar garejin cike yake. Sabuwar kafiretar tawa har yanzu ta fi Solex shan mai, wannan kuwa Baba ya ce ba aikin totur ba ne. Shawararsa a kai tsohuwar wurin masu juya ƙarfe a Kano su cike inda sandar faifanta ta cinye, sai a mayar da ita. Na bar wannan sai an gama kakar riɗi.