Mun je ganin raƙumin dawa, dorina ce ta fid da mu kunya

In dai raƙumin dawan da ke jikin tallar ne ya ja hankalinka zuwa sabon gandun dajin nan da aka buɗe a bakin kogi, can gaba da unguwar Gudel ta Yamai, to ka riƙe kuɗinka, ka sayi kilishi ku ci da iyali a gida. Babu raƙumin dawa a wurin. Ba kiwo ya tafi ba, ba ɓuya ya yi ba, babu shi ne kwata-kwata. Da na matsa wa yaron da ke yankan tikiti da tambaya, sai ya ce mini, "Alhaji, ai suna hanya, ana kan takardu." Har da murmushinsa.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a wuya shi ne ba ni kaɗai na je ba. Ƙanwata ce ta zo mana hutun ƙarshen shekara daga Damagaram da yaranta, waɗanda ba su taɓa ganin kogin Isa, wato Neja, ba balle namun dawa, kuma hoton tallar nan sun gan shi a wayar uwarsu tun kafin su hau bas. Ƙaramin tun a tasha yake tambayata, "Kawu, yaushe za mu je wurin mai dogon wuya?" Muka cika mota, da maiɗakina da namu yaran, muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar rairayi da sai da muka fito muka yi turi, muka biya kuɗin shiga kai da kai, har na goye sai da aka ja ciniki a kansa. Bayan duk wannan a ce mini suna hanya.

Wace hanya? Duk wanda ya taɓa zuwa Kure ya san inda aka ɗauki hoton nan. Jar ƙasar tudu ce da geza da sarƙaƙiya, ba yashin bakin kogi da goruba ba. Can ne gidansu, kilomita 60 daga Yamai a hanyar Doso, da damina suna kan tudu, da rani su gangara Dallol Boso cin gawo. Wannan irin mai hasken fata, a duk Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 guda 49 aka ƙirga, sai da aka yi shekara da shekaru ana lallaɓa manoma su yi haƙuri da ɓarnar da suke yi wa wake da mangwaro kafin adadinsu ya haura 600. Da aka tashi kai guda 8 gandun Gadabeji a 2018, aiki ne na gwamnati da ƙwararrun likitocin dabbobi, aka killace su makonni kafin a ɗora su a babbar mota a yi tafiyar sama da kilomita 800 da su. Ba akuya ba ce da mutum zai je kasuwar dabbobi ta Turaku ya taya, ya ɗaure a bayan kabu-kabu. Shi ne mai fili a bakin kogi zai cika takarda a kawo masa nasa?

Kuma masu wurin sun san inda suka taɓa. Tun ranar 9 ga Agusta 2020 da aka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora, magidanta da yawa suka daina ɗaukar iyali zuwa can. Gandun W kuwa, da a da ake bin hanyar Sayi a kwana a Tapowa a ga giwa da ɓauna, yau babu mai hankalin da zai ce maka ɗauki yara ka je. Akwai yara a garin nan da suka tashi ba su san dawa ba sai a talabijin. Da wannan marmarin aka ci kasuwarmu.

Abin da ke cikin shingen bai kai a daɗe a kansa ba. Jiminu biyu, barewa ƴan kaɗan da suka maƙale a kusurwa, kunkuru, zabi, da wani biri ɗaure da sarƙa a jikin aduwa, ba inuwar kirki, kwanon ruwansa a kife. Birin nan ya ɓata mini rai fiye da kuɗin. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke tsakiyar gari tun 1959, wanda taksi ɗaya zai kai ka, yana da zaki da kura da kada, ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, ga ragowar shahararren itacen nan na hamadar Tenere, kuma kuɗin shigarsa bai kama ƙafar na nan ba.

Mun juya za mu koma mota ke nan, yara sun yi cirko-cirko, ƙanwata tana ta cewa, "Yaya, ba komai, ai mun sha iska," irin haƙurin nan da ya fi zagi ciwo, sai wani dattijo da ke zaune gindin giginya yana gyaran taru ya ɗago kai. Ya ce, "Malam, kai ɗiyan ga bakin ruwa tukuna. La'asar ta yi, yanzu za su hito." Na ce, "Baba, su wa?" Ya ce, "Masu gulbin."

Bakabe ne, ya ce kakansa daga wajen Argungu ya biyo kifi har ya yi gida a nan. Ba ma'aikacin gandun ba ne, yarjejeniya ce tsakaninsu, suna tura masa baƙi yana ɗauka a kwalekwalensa. Muka shiga, manya a tsakiya, yara a zaune a ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Kogi ya cika taf, ƙanwata har tana mamaki, wai ruwan sama ya ɗauke tun tuni amma ga ruwa har gindin itatuwa. Dattijon ne ya yi mata bayani, cewa wannan cikar ta hunturu ba ruwanmu ba ne, na tsaunukan Gini ne, sai ya gama yawo a fadamun Mali sannan yake isowa Yamai, shi ya sa ya fi na damina tsabta, ba shi da jan nan. Bai ta da inji ba, da filafili ya riƙa tuƙi, yana bin gefen ciyawar burgu. Garken kirinjijiya ya tashi a kanmu da fito, zalɓe yana tsaye cikin ciyawa bai ko kula mu ba, balbelu sun fara dawowa kwana. Ko a nan aka tsaya, da yara sun samu abin ba da labari.

Can sai ya fara ƙwanƙwasa gefen jirgin da filafili, a hankali, ya dakata, ya sake. Na tambaye shi dalili, ya ce sallama ce. Dorina ba ta son a faɗo mata ba zato, in ta ji bugun takan ɗago ta ga ko wane ne, kai ma ka san inda take ka kauce. Ya ce kuma kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da zurfi, don in ta tsorata can take nufa, kuma ba ta ratse wa kowa. Bai rufe baki ba muka ji wani irin huci, ruwa ya yi feshi, ga kunnuwa biyu ƙanana suna kaɗawa, ga idanu, ga hanci. Sai wasu kunnuwan a gefe. Sai wasu kuma. Yaran da tun daga gida ba su yi shiru ba, ko tari babu wanda ya yi.

Ya tsayar da jirgin da nisa, ya kama burgu da hannu ɗaya, ya ce mu yi kurum mu ƙirga. Suna nutsewa, mu jira, su ɓullo a wani wuri dabam. Ya ce takan kai minti biyar a ƙasa, kuma ba iyo take yi ba, tafiya take a kan ƙasan kogin. Sai babbar ta ɗago bayanta, ashe da ɗa a kwance a kai, ɗan mitsitsi, fatarsa tana sheƙi, ya zame ya faɗa ruwa, uwar ta tallabo shi da hanci. Ƙanwata ta riƙe mini hannu tana salati ƙasa-ƙasa. Daga can gefe namijin ya wangale baki, haurensa duk a waje, ƴata ta ce, "Baba, barci yake ji." Dattijon ya yi dariya ya ce, "A'a ɗiyata, ba hamma ba ce, korarmu yake yi. Mun gaishe su, sai mu koma." Ya saki burgun, ya ja da baya ba tare da ya juya musu ƙeya ba, har muka yi nisa.

Na sha ganin dorina a bayan shinge, amma wannan wani abu ne dabam. A mota ba wanda ya ƙara ambaton raƙumin dawa. Ƙaramin nan da ya dame ni da tambaya, hucin dorina yake ta kwaikwayo har ya yi barci. A lokacin, da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je, kuɗin ya halatta.

Sai da muka isa gida, aka ci abinci, maiɗakina ta ce, "Malam, ka lura ko rigar kariya ɗaya babu a jirgin nan?" Gabana ya faɗi. Mutanen Yamai ba su manta da Libore ba, a watan Nuwamba 2014, da dorina ta kifar da jirgi ɗauke da ƴan makaranta, yara 12 suka rasu da babba ɗaya. Nan kusa da mu ne, kogi ɗaya ne, dabba ɗaya ce. Dattijon ya san aikinsa, ban ga alamar ganganci a tare da shi ba, amma sanin aiki ba ya hana tsautsayi, kuma a cikin yaran nan babu wanda ya iya ruwa. Wurin da ya samu kuɗin gina ƙofa mai fenti da zanen zaki, ya buga riguna masu tambari ga masu gadi, a ce ya kasa sayen rigunan ruwa goma? Wanda ya karɓi kuɗin shiga a hannunka, ya nuna maka hanyar bakin ruwa, ran yaranka yana wuyansa, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Daga nan sauran abubuwan suka riƙa dawo mini. A ƙofa an ce tikitin ya haɗa da komai, amma muna sauka daga jirgi wani saurayi ya ɓullo da littafi, wai yawon ruwa kuɗinsa dabam, kuma ba rasit. Na biya don kada a yi hayaniya gaban baƙi. Da na koma na yi wa dattijon alheri, na tambaye shi nasa kason, sai ya kau da kai ya ce, "Malam, Allah dai shi sa albarka." Na gane. Shi ke da jirgin, shi ke da ilimin, shi ke fuskantar hauren, wani kuma yana inuwa da littafi. Dorinan ma ai ba nasu ba ne. Na kogi ne, doka ce take kare su tun kafin a kafa shingen nan, kuma wanda ya je Bubon ranar Laraba, ranar kasuwa, zai samu masu jirgi su kai shi ya gani, ya dawo da tulu mai kyau a kan abin da bai kai kuɗin ƙofar nan ba.

Gaskiya ɗaya dai ba zan danne musu ba. Sun bar bakin ruwan yadda yake, ba a nome burgun ba, ba a sare giginyun ba. Wanda ya bi gaɓar kogi daga Gamkalle zuwa Saga, ko ya tsallaka Harobanda, ya san kusan ko'ina ya zama shinkafa da lambu. Dorina kuwa da dare take fitowa kiwo, tana cin ciyawa kilo 40 ko kusa da haka, in ba ta samu burgu ba shinkafar mutane za ta shiga. Rikicin da ya faru a Ayoru ke nan a 2017, aka kashe dorinai da dama saboda ɓarnar gonaki, a shekarar kuma gwamnati ta keɓe musu mafaka a yankin Kandaji. Saboda haka ɗan yankin nan da aka hana garma shiga yana da amfani, kuma ina kyautata zaton shi ya sa garken nan ya zauna a wurin. Da sun rubuta a tallarsu cewa a zo a ga dorina da tsuntsaye a jirgi, da ba su yi ƙarya ba, da kuma na zo da raina fes. Suna da abin nunawa na gaske, suka bar shi suka ari hoton Kure.

Bayan gida kuwa kada ma a yi zancensa, mata sai da suka haƙura har gida. Ruwan sha ka zo da naka, na can ɗumi ne kuma ninki biyu. Wurin salla tabarma ɗaya ce da buta mai yoyo.

In ka ce sai ka je, ka isa bayan la'asar, a cikin watannin nan da kogi yake cike, ka wuce shingen jiminu kai tsaye ka nemi dattijon gindin giginya, ka ba shi nasa a hannunsa. Tun a ƙofa ka sa a faɗa maka kuɗin jirgi kafin ka ciro ko dala. In ba su nuna maka rigunan ruwa ba, manya su shiga in sun ga dama, yara su tsaya a tudu, daga can ma ana hango kunnuwan. Ni dai na tura saƙo a lambar da ke jikin tikitin, a kan rigunan da kuma birin nan. An buɗe saƙon, ba a amsa ba, kuma yarana ba za su sake shiga jirgin nan ba sai na ga rigunan da idona.