Kyamarar bayan karaban: wadda na cire da wadda na bari

Duk wanda ya taɓa jan karaban a titunan Ingila, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a tafi hutu da shi, ya san madubin tsakiya ba shi da sauran amfani da zarar an ɗaura. Ka ɗaga ido, farin bango kawai za ka gani. Doka ta yarda faɗinsa ya kai mita 2.55, ka ga ya fi motar da ke jansa. Shi ya sa na nemi kyamara, kuma iri biyu na gwada.

Ta farko mai araha ce, mara waya, irin tsohon yayi. In ana tsaye a ƙofar gida hotonta tas. Da mun hau babbar hanyar M6 kuwa, sai hoto ya kama rawa, layuka suna gilmawa, wani sa'in ya ɗauke ɗungurungum daidai lokacin da tirela ke matsowa. Irinsu suna aiki ne a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth suka yi cunkoso, ga jikin karaban ya tokare tsakanin kyamara da allo. Abin da ya fi damuna ma idonta ne. Ya cika faɗi, yana kwaso komai yana ƙanƙantar da shi. Motar da ka hango kamar kwalin ashana, ashe tana dab da kai. Wajen ribas wannan faɗin alheri ne. A kan hanya kuwa, in za ka sauya layi, ruɗi ne.

Wadda nake amfani da ita yanzu mai waya ce, mai ido biyu. Ɗaya yana hango titi can nesa, motoci suna fitowa kusan yadda madubi ke nuna su. Ɗayan mai faɗi yana kallon ƙasa, shi ke buɗewa in na sa ribas. Hotonta bai taɓa yankewa ba. Mai wayarin ya so ya jona ta da fitilar ribas kamar yadda aka saba yi wa ƙananan motoci, na ce a'a, a ba ta wutar da za ta riƙa aiki muddin inji na kunne. Wannan shi ne bambancin da masu talla ba su cika fayyacewa ba: kyamarar ribas daban, kyamarar tafiya daban.

Inda na fi jin daɗinta shi ne ƙananan hanyoyin yankin Wales na Birtaniya masu kwana-kwana. Mai jan karaban ba ya wuce mil 50 a awa a irin waɗannan hanyoyi, 60 a manya, don haka dole motoci su yi jerin gwano a bayanka. Yanzu ina ganin yawansu, in samu wuri in raɓe su wuce. Mai babur da ya lafe a bayana yana shirin fitowa ma ina ganinsa tun kafin ya leƙo.

Tana da nata wahalar. Sai an huda jikin karaban, kuma in ba a toshe hujin da kyau ba danshi zai shiga, wanda shi ne ajalin karaban, har garantin ma yana iya lalacewa. Ga ƙarin filogi da za ka riƙa jonawa da cirewa ban da soket mai ƙafa 13 da ke kai wa karaban wuta daga mota. Ranar ruwa, feshin taya yakan dusashe idon cikin ɗan lokaci, sai an tsaya an goge. Da dare fitilun motocin baya suna haske allon fiye da kima, nakan rage haskensa.

Kada wani ya ce maka ta maye gurbin madubin gefe. Doka tana so direba ya ga mita 20 a bayansa, da faɗin mita 4 daga gefen karaban, in ba haka ba tarar tana iya kaiwa fam 1,000 da makin laifi 3 a lasisi. Dogayen madubaina suna nan a ɗaure. Kuma in za mu shiga wurin kwana da baya, har yanzu uwargida ce ke sauka ta tsaya inda nake ganinta, domin kyamarar ba ta ganin reshen bishiya a sama, ba ta ganin kusurwar gaba da ke lilo in na karya sitiyari.