Gargaɗi ga 'yan acaɓan Legas: akwatin "rage shan mai" ya cinye min naira 76,000

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa saboda kunya, amma yau na ce ko za a yi min dariya sai na faɗa. Naira 76,000. Dubu saba'in da shida, kuɗin da na tara cikin rana da ruwan saman Legas, na ɗauka da hannuna na tura wa wani ɗan damfara a kan akwatin roba da bai kai kwalin ashana biyu ba. Ban ma sa kuɗin gyara a lissafi ba tukuna.

Kuma kafin wani ya fara cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, ya tsaya ya ji. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙa babur a garin nan. Na yi Obalende, na yi Idi-Araba, sai da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a watan Yunin 2022 na tattaro na dawo Agege. Na ga masu sayar da waya da katako a ciki, na ga masu canjin dala na bogi, ba wanda ya taɓa cin kobona. Ni ba baƙon Legas ba ne. Amma duk wanda yake sayen mai kullum ya san halin da muka shiga tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi. Litar da ba ta kai 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 har ta haura 1,000. Ka yi wuni kana yawo tsakanin Dopemu da Orile Agege da Oko-Oba, ka cire na mai, ka cire balas ɗin mai babur, abin da ya rage ko tuwo biyu bai saya ba. A wannan hali wani ya ce maka yana da abin da zai raba shan man ka biyu, wa zai toshe kunne?

A wurin mai shayinmu na haɗu da ɗan damfarar, bayan sallar isha. Ranar Talata ce. A'a, Laraba, don na tuna ranar ce aka yi ruwa da la'asar. Sahu ɗaya muka yi salla da shi, kafaɗarsa na gogar tawa. Farar shadda, hula a karye, Hausarsa tsaf ba gargada. Ya ji ina ƙorafin mai sai ya juyo ya ce, "Ɗan uwa, kai mutumin ina ne?" Na faɗa masa garinmu. Ya dafa ƙirji ya ce ai mahaifiyarsa 'yar ƙauyen da ke gaba da mu ce, har ya ambaci ranar kasuwarmu, kuma daidai ya faɗa. Wannan ranar kasuwar ita ta kashe ni. Har yanzu in na kwanta sai in ji muryarsa yana faɗin ta. Ya biya min shayi da ƙwai biyu. Naira nawa ne shayi da ƙwai biyu? Da su ya sayi 76,000 ɗina.

Ya buɗe jaka ya fito da abin. Baƙin akwati, wayoyi biyu ja da baƙa, rubutun Turanci a jiki, da ɗan fitila shuɗi. Ya ce daga Jamus ake kawo shi, akwai kwamfuta a ciki mai karanta numfashin inji, ita da kanta take auna man da babur yake buƙata ta hana shi shan fiye da haka. Ya nuna min bidiyo a wayarsa, wasu Turawa da manyan babura da wasu layuka suna hawa da sauka a allon kwamfuta. Ya ce 50,000 yake sayarwa, amma ni tunda ɗan gida ne in ba da 38,000. Na ce masa ni fa ba na sayen abin da ban gwada ba. Kun ji ko? Na faɗa. Da bakina na faɗa. Ya ce, "Wallahi ɗan uwa, in bai yi aiki ba ka same ni a nan wurin mai shayi gobe, in mayar maka da kuɗinka har da na wahala."

Sunan da ya fito a asusun da na tura kuɗin ba shi ne sunan da ya faɗa min ba. Na gani, na tambaya, ya ce na yaron shagonsa ne mai POS. Babban yatsana yana kan wayar, na tsaya kamar daƙiƙa biyar. Daƙiƙa biyar ɗin nan na sake zama a cikinsu ya fi sau ɗari. Na danna. Ina da alat ɗin, 38,000 na farko da 38,000 na biyu, duk zan sa hotunansu da zarar na rufe lambar asusuna.

Na tsallake wani wuri, bari in koma. Kafin in tura kuɗin shi da kansa ya ɗaura abin. Ya cire murfin gefe, ya haɗa wayoyin da batir, fitilar ta kama tana ƙyaftawa. Sai ya ce ya manta da salatif, in je shagon can in sayo. Na tafi na bar shi da babur ɗina da sukudireba a hannu. Minti biyar, ko bakwai. Ni da ko ƙanina ba na bar wa makullin babur.

To abin da ya fi ƙona min rai shi ne, kwana uku na farko man ya ragu da gaske. Ba rabi ba, amma inda nake shan lita biyar sai na ga huɗu da rabi ta kai ni dare. Murna ta kama ni. Na kira shi, ya ɗauka bugu ɗaya, ya zo har tasharmu ya ɗaura wa ƙanina, na sake tura 38,000 daga kuɗin da muke tarawa na hayar ɗaki. Na tsaya a gaban mutane ina yi masa talla kyauta, ina cewa ku zo ku ga fasaha. Wani dattijo a tasharmu ya ce min, "Yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa," na ce Baba zamani ne ya wuce ku. Shekaranjiya na je na durƙusa na ba shi haƙuri, bai ce komai ba sai "Allah ya mayar da alheri," wanda ya fi min zafi da a ce ya zage ni.

Tun rana ta biyu ma, in zan faɗi gaskiya, babur ya fara gardamar tashi da asuba, sai na ja cok na yi ta buga kik. In na murɗa mai sai ya yi kamar zai shaƙe kafin ya ɗauka. Zafin inji yana dukan ƙafata ta cikin wando. Na kira mutumin ya ce kwamfutar ce take koyon halin injin, in ba ta mako guda. Kwana tara ko goma da ɗaurawa, na ɗauko wani mahauci da kayansa daga mayankar Oko-Oba, ba mu yi nisa ba injin ya yi wata ƙara ya ɗauke. Fasinja ya sauka yana faɗa, na tura babur da ƙafa har wurin bakanikena. Lambar mutumin kuwa tun daren jiyan ranar a kashe take. Ko kwana biyu kafin nan ne, na rikice. Mai shayi ya ce shi ma sau uku kacal ya taɓa ganinsa.

Bakanikena Bayarabe ne amma ya girma cikin Hausawan Agege. Ya kwance filogi ya ɗaga min, fari fat kamar toka. Ya ce lafiyayyen filogi kalar shayi da madara yake yi, wannan fari alamar inji yana shan iska da yawa mai kaɗan. Ya buɗe kafireta ya ce, "Malam, wa ya taɓa maka nan?" An sauke allurar da ke sakin mai zuwa ƙasa, an murɗa sukurun iska. Ashe wannan ne aikin da aka yi lokacin da na tafi sayen salatif. Rabin litar da nake murnar ta ragu, yunwa ce aka sa wa injina, ya yi ta ɗaukar zafi har fistin ya kama, bawul ya ƙone. Gyara ya ci 31,000, ga kwana uku ba aiki, ga balas yana hawa.

Sai ya sa wuƙa ya fasa akwatin a gabana. Ɗan fitila ɗaya, ɗan ƙaramin allo mai sa shi ƙyaftawa, da wani baƙin danƙo da aka cika don ya yi nauyi a hannu. Shi ke nan. Shi ne 38,000. Sau biyu. Na ɗauki bidiyon fasawar, shi ma zan sa.

Ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun farko. Babur Boxer irin nawa kafireta gare shi. Mai yana gangarowa daga tanki ta famfo ya cika ɗan kofin kafireta, iskar da inji yake zuƙa ita ke jan shi ta ƙaramin ramin jet. Babu wata waya a duk hanyar nan. To abin da aka haɗa da batir ta ina zai san man da ke wucewa, balle ya rage shi? Ya ce na gasken akwai su, amma na manyan babura ne masu feshin mai da kwamfuta, irin waɗanda ake gani a Lekki ranar Lahadi. Su ana huda salansa, wato bututun hayaƙi, a sa ma'aunin iskar da ta rage a hayaƙi, na'urar ta duba ko haɗin ya yi daidai, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi, sai ta gyara wa kwamfutar lissafi. Kuma masu su ba don tsimin mai suke saya ba, sai in sun canza salansa ko matatar iska suna neman ƙarin gudu, sau da yawa ma ƙara wa inji mai take yi. Kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne. Wato bidiyon da ya nuna min na gaske ne, sai dai ba na akwatinsa ba ne, ba kuma na irin babur ɗina ba. Wani yaron unguwarmu mai karatu ya ƙara min da cewa hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urorin tsimin mai sama da 100, ba ta samu wadda ta yi abin a zo a gani ba. Ina ma ya faɗa min wannan kafin Larabar nan.

Babur ɗin ƙanina Allah ya taimaka, kwana shida kawai ya yi, an mayar masa da allura wurinta injin bai mutu ba. Bai ce min uffan a kan kuɗin haya ba, kuma rabinsu nasa ne. Na je banki, an karɓi ƙorafina an ce in kawo takardar 'yan sanda. Zan je, ko don kar gobe ya tsaya a Mile 12 ko Alaba Rago ya faɗa wa wani ranar kasuwar garinsu.

Ku dai kar ku saya. In babur ɗinka mai kafireta ne, babu akwatin da zai yi masa komai. Wanke matatar iska, canza filogi, cika iskar taya, ja sarƙa daidai. Kar ka bar kowa da babur ɗinka da sukudireba. Sunan asusu ya saɓa, mayar da wayarka aljihu.

Mutumin dogo ne, baƙi, yana da tabo a gefen girar hagu, yana yawo da jakar goyo ruwan toka. Akwai sauran akwatunan a cikinta, na gani da idona, sun fi goma. Nawa fasasshen yana aljihuna har yanzu, ɗazu na haɗa shi da batir, fitilar tana nan tana ƙyaftawa.