SSD sabuwa ko ta hannu: abin dubawa kafin ka biya

A cikin SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, an kasa wurin ajiya bulo-bulo, kuma kowane bulo yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutu. Idan gogewa ta ƙi, ko kurakuran karatu suka yi yawa, na'urar da ke sarrafa ta sai ta kwashe bayanan zuwa wani bulon ko-ta-kwana, ta yi wa tsohon ritaya. In ta yi gaggawa, na ko-ta-kwana su ƙare da wuri. In ta yi nawa, hotunanka su lalace. Kamfani ne ke yanke wannan hukunci, amma kai ke zaɓen wadda za ka saya.

A sababbi, gasar tana tsakanin TLC, mai ɗaukar bit (ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta) 3 a kowane gurbi, da QLC mai ɗaukar 4. Cunkoson nan ne ke sa QLC arha, shi ne kuma ke sa ta saurin gajiya. Dubi Samsung: 870 EVO mai terabait 1, wadda TLC ce, garantinta shekara 5 ko rubutun terabait 600, ita kuwa 870 QVO mai girma ɗaya shekara 3 ko terabait 360. Ɗalibi ko ma'aikacin ofis da wuya ya kai wannan iyaka. Mai haɗa bidiyo kullum kuwa ya ƙara kuɗi ya ɗauki TLC.

Ta hannu ce ke buƙatar natsuwa, musamman wadda ta zo cikin kwamfutar gwanjo. Kada ka tsaya a “ai lafiyarta ƙalau”. Ka ce a buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. SSD iri biyu ce gwargwadon yadda take haɗuwa da kwamfuta, NVMe da SATA: a irin NVMe ka duba layin Percentage Used, wato yawan ƙarfin da aka cinye, da Available Spare, ragowar na ko-ta-kwana. Na biyun ya fi damuna. Da yawan SSD sai ya sauka zuwa kashi 10 suke gargaɗi, amma ni da na ga ya baro 100 nake fasawa, domin an riga an fara ritayar. A irin SATA, ka nemi adadin wuraren da aka sauya. Sifili ake so.

Filasha da katin memori na gama-gari ba sa gaya maka komai, sai dai ka wayi gari sun ƙi buɗewa. Don kyamarar tsaro, nemi irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance.

Sai batun zafi. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan na'urori, ta buƙaci SSD ta gida da ta cinye ƙarfinta ta riƙe bayanai shekara 1 ba wuta a zafin digiri 30, kuma riƙon yana raguwa in zafi ya ƙaru. Da bazara ɗakunanmu sun wuce haka, saboda haka tsohuwar SSD ba wurin jibge takardun fili a durowa ba ce.