Littafin Binciken Satar Kayan Tarihi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Kashi uku ne ake samu a shagunan littattafai na Bauchi da Gombe da kuma a waya. Akwai na marubutan waje, wanda Afirka ado ce kawai a cikinsa, Bature ne ɓarawon, Bature ne kuma mai kama shi. Wannan a bar shi a kanta. Akwai na WhatsApp da ake saki shafi-shafi, wanda kafin babi na biyar an manta da kayan da aka sace, an koma soyayyar jami'in bincike da 'yar mai kuɗi.

Na ukun shi ne abin saye: wanda marubucinsa ya gina labarin a kan tarihin gaske. Gane shi ba wuya. Buɗe tsakiyar littafin ka duba shekaru. Turawan Ingila sun kwashe tagullar fadar Benin a 1897, sun ci Bauchi a 1902, a Yulin 1903 kuma aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Marubucin da ya cakuɗa waɗannan bai yi karatu ba. Sannan ka ga ko ya san hanyar da kaya ke bi: mai haƙa a ƙauye, dillali a gari, tsallake iyaka, sai takardar ƙarya mai cewa kayan sun bar Najeriya kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta hana fataucin kayan tarihi na sata. A littafi mai kyau, wannan takarda ce ke tona asiri, ba mafarki ko duban boka ba. Idan mutum-mutumin yumɓu na Nok, wani ƙauye a kudancin jihar Kaduna, ne aka sace, irin wanda aka fara tsinta wajen haƙar kuza a 1928, ya kamata jami'in ya san 'yan damfara na manna tsoffin ɓaraguzai a jikin sabon ƙira don gwajin shekaru ya nuna tsoho ne. Ya kuma san dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

To, sai batun jabun littattafai, wanda ya fi komai ciwo. Littafin bincike rayuwarsa tana shafuka goman ƙarshe, kuma nan ne bugun satar fasaha ya fi yin ɓarna. Kafin ka biya, ka bi lambobin shafi tun daga ƙarshe zuwa baya. Sau da yawa za ka tarar an maimaita wasu shafukan, an tsallake wasu. Goga babban yatsa a kan rubutun: in tawada ta biyo ka, mai yiwuwa hoton kwafi ne. Buɗe littafin sosai a tsakiya. In gam ya tsage, takardu suka fara ɓallewa, mako guda ba zai yi ba. Duba sunan maɗaba'a da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai alƙaluma 13 a bango.

Masu sayarwa ta waya sun fi haɗari. A karɓi kuɗinka a turo maka rabi, a ce ƙarashen sai ka ƙara biya, wani ma ya toshe lambarka. Tambayi yawan shafuka da babi na ƙarshe tukuna, kuma ka saya daga hannun marubucin ko wakilin da ya ambata da bakinsa.