Dokin roba da fenti: me za ka saya a Legas, me za ka bari tukuna?

Wanda ya tashi yana kallon hawan sallah ba ya rabuwa da son doki, ko da zama ya kawo shi Agege ko Idi-Araba. To amma a Legas ɗakin kwana ma da ƙyar ake samu, balle barga da harawa. Ga mai irin wannan so akwai wata sha'awa da ta daɗe da kafuwa a Amurka da Turai: a sayi ƙaramin dokin roba, a goge shi, a gyara masa kunne ko geza ko tsayuwa, sannan a sake masa fenti har ya fito sak dokin da mutum ya sani. Aiki ne mai kwantar da rai, kuma teburi guda ya ishe shi. Sai dai yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne don masu shagon kayan zane a unguwarsu da busasshiyar iska a garinsu. Mu nan dala ce ke yanka farashi, laima kuma ita ke nuna ko fenti zai zauna. Da waɗannan biyun za ka auna duk abin da za ka saya.

Sunan da za ka fara cin karo da shi Breyer ne, kamfanin Amurka da ya fara a Shikago a 1950, wanda har biki yake shirya wa masu tara dawakinsa duk watan Yuli a jihar Kentaki. Girma uku ne suka shafe mu. Akwai Traditional, kashi 1 cikin 9 na doki na gaske, tsawonsa kusan inci 12, tsayinsa 9. Akwai Classics, kashi 1 cikin 12. Sai Stablemates, kashi 1 cikin 32, wanda bai wuce inci 3 zuwa 4 ba. Robarsu mai tauri ce, kuma wannan shi ne babban alherinsu: tana karɓar sanfefa, fenti yana kama ta, in an ɗumama ƙafa ana iya lanƙwasa ta a canja tsayuwa. Sassaƙar ma ta fito da tsoka da jijiya yadda mai fenti ke so.

Aibunsa kuɗi. Da dala za ka saya a eBay ko Amazon, ga kuɗin jigila, ga kwastan, babban kuma yana cin wuri a kwali. Sannan manyan cikinsu fanko ne, iska ce a ciki. Ka bar shi a mota cikin cunkoson rana, ko a bakin taga, sai ƙafa ta karkace, ciki ya kumbura in 'yar ƙofar da iska ke fita ta toshe. Duk sanda gyara ya sa ka rufe wannan ƙofa, ka huda wata siririya a hanci ko a ƙarƙashin ciki. In za ka yi odar Breyer karon farko, Stablemates nake ba ka shawara, musamman irin fararen da ake sayarwa ba fenti. Da yawa za su shiga ƙunshi ɗaya, in ɗaya ya ɓaci ba za ka yi baƙin ciki ba.

Na biyu Schleich, kamfanin Jamus tun 1935. Shi ka fi sa ran samu a shagunan kayan wasan yara da cikin kayan gwanjo. Dunƙulalle ne, mai nauyi, tsayinsa kamar inci 4, ba ya karyewa, kuma akan zana masa gashi a jiki. Papo na Faransa da CollectA duk dangi ɗaya ne da shi. Ka juya cikin dokin, na ainihi za ka ga sunan kamfanin a jiki. A nan ne masu farawa suka fi yin asara, don haka bari in tsaya. Robar waɗannan mai ɗan taushi ce, da wani sinadari a cikinta da ke hana ta ƙagewa. Idan ka fesa mata fentin gwangwani mai ƙarfin tina, sinadarin nan yakan taso, fentin ya ƙi bushewa, dokin ya zauna yana danƙo mako bayan mako, ƙura tana manne masa. Zafin Legas ƙara abin yake. Maganinsa ka wanke dokin da sabulu, ka shafa masa shimfiɗa irin wadda ake tsinkawa da ruwa, da burushi. Kome za ka sa masa, ka fara gwadawa a ƙarƙashin ciki, ka jira kwana biyu ka taɓa.

Sai dawakin da ba su da suna, na Balogun da Idumota. Kada ka raina su, da su ake koyon hannu. Amma ka zaɓa da ido. Matsa ƙafar: in tana lanƙwashewa kamar silifas, ajiye. Ɗora shi a kan tebur ka ga ko zai tsaya da kansa. Dubi kai da gwiwa da kofato, domin fenti ba ya gyara dokin da aka sassaƙa da gajeren wuya ko ƙafar jaki. A gwanjon Katangowa ko kasuwar Aswani ta ranar Talata, ƙarzuna da goguwar fenti ba aibu ba ne a wurinka, tunda sabo za ka yi, hujja ce ma ta neman ragi. Kunnen da ya guntule ana sake gina shi.

Dawakin rezin, waɗanda masu sassaƙa ke zubawa 'yan kaɗan su sayar ba fenti, su ne suka fi kyau, suka fi tsada, suka fi saurin karyewa a hanya. Ba na farawa ba ne.

Wata magana da bai kamata a tsallake ba. Mai karatu Musulmi zai tambayi hukuncin ajiye siffar abu mai rai. Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikin kayan wasan Nana A'isha akwai doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Malamai sun kafa hujja da shi kan kayan wasan yara, amma sun saɓa game da babba ya ajiye cikakkiyar siffa don ado. Ka tuntuɓi malamin da ka aminta da shi kafin ka kashe kuɗi.

Kafin fenti akwai shiri, kuma a nan ya kamata kuɗinka ya fi tafiya. Ka kankare layin haɗin roba da 'yar wuƙa, ka bi da sanfefa mai lamba 220, ka gama da 400. Don cike rami ko gina sabuwar geza, ana amfani da ƙullin efokzi mai kashi biyu, irin Apoxie Sculpt ko Milliput na Birtaniya. Kana haɗa su daidai wa daida, su ba ka awa ɗaya zuwa biyu kana sarrafawa, su ƙage kafin gobe. Irin na masu gyaran famfo da ake samu a shagunan kayan gini yana toshe rami, amma cikin mintuna yake sandarewa, ba zai bar ka ka tsefe geza ba. Faraima kuwa, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa, gwangwanin feshi ba ya hawa jirgin sama cikin sauƙi saboda yana kama wuta, don haka kada ka wahalar da kanka da odarsa. Faraimar mota mai ruwan toka da masu fenti ke sayarwa a wajen Ladipo tana yi wa roba mai tauri daidai, in an fesa sama-sama daga nesa. Ga mai taushi, nemi jeso, shimfiɗar da ake shafawa da burushi, a shagunan kayan zane na Yaba, wajen kwalejin fasaha. Kada tina ko ruwan goge fentin farce ya kusanci Breyer, narkar da shi yake.

Yanzu fentin kansa. Gasar tsakanin akirilik ce da garin fastel.

Fastel shi ne abin da ƙwararru da yawa suke yabo, kuma sun yi gaskiya. Ana kankare allin mai laushi ya zama gari, a shafa da busasshen burushi, a fesa banish mara ƙyalli, wato ruwan da ke rufe launi ya kare shi, a sake shafawa, haka hawa-hawa har launi ya cika. Inuwar da yake bayarwa a hanci da gwiwa, da ɗige-ɗigen hurde, burushi da ruwa ba sa kamo shi. Amma duk aikin ya rataya a kan banish na feshi, irin Testors Dullcote ko Mr. Super Clear na Japan, waɗanda shigo da su ke da wuya. Ko ka samu, feshi a iska mai laima yana sa farin hazo ya hau dokin, aikin mako guda ya dushe. A Legas daga Afrilu zuwa Oktoba iska ba ta cika bushewa ba. In ka nace, ka fesa da tsakar rana mai haske, a waje, da takunkumi a fuska. Lokacin hunturu ya fi, sai dai ka kife kwali a kai saboda ƙura. Kuma ka lura wajen saye, fastel mai maiƙo ba ya wannan aikin.

Akirilik ni na zaɓa wa mazaunin Legas. Da ruwa ake tsinka shi, yana bushewa da wuri, kuma akwai banish ɗinsa na shafawa, ba sai ka nemi gwangwani ba. Laifinsa sawun burushi, wanda ake kauce wa da tsinka shi sosai a yi ta bi sau da yawa. Kala biyar sun isa: fari, baƙi, da waɗanda aka rubuta wa Burnt Sienna, Burnt Umber da Yellow Ochre. Gara biyar ɗin nan na kamfani mai kyau, irin Liquitex ko Winsor & Newton, da akwati mai kala 24 na 'yan makaranta. Burushi uku masu laushi, ɗaya siriri don ido. Fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, a kan roba mai taushi ma yakan ƙi sam. Ƙaramar bindigar feshi kuwa tana son kwamfireso da wuta tsayayya da matatar da ke tsane ruwa daga iskar. Bar ta sai hannunka ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne a fito da dawakinmu. Yawancin waɗanda ake sayarwa siffar dawakin Amurka da Turai da na Larabawa ce. Namu na Arewa sun fi shigen jinsin Barb da Dongola: jiki mara nauyi, dogayen ƙafafu, karan hanci mai ɗan tudu. Dokin Larabawa fuskarsa a lotse take, don haka ko ka cike ta da efokzi, ko ka nemi siffar dokin Andalus. Wajen launi, fara da aharas ko bikili mai baƙar geza da baƙaƙen ƙafafu. Akawal yana kama da mai sauƙi, amma baƙi zalla kashe tsoka yake. Kili da gunya suna tona kowace 'yar ƙura, hurde kuma sai daga baya. Je ka kalli doki da idonka. Kulob ɗin folo na Ikoyi yana nan tun 1904, ga dawakin haya a bakin teku irin Elegushi, kuma masu kula da su da yawa Hausa suke ji. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, don Allah ko za a bar ni in ɗauki hotonsa?"

In burinka ka yi masa sirdi da linzami da jalala irin na Hawan Daushe, wanda bikin hawan Kano da yake cikinsa ya shiga kundin UNESCO a 2024, to tun wajen saye ka zaɓi 1 cikin 12 ko 1 cikin 9. A kan ɗan inci 3 likkafa ba ta ɗinkuwa. Guntayen fata masu laushi suna nan a kasuwar fata ta Mushin, ƙyalle da zare kuma telan unguwa zai tara maka. Kada ka ɗaura wa doki kaya sai banish ya yi mako guda, kuma kada ka naɗe shi a leda ko jarida, mannewa suke yi.